Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Zuciyar Maniyyaci Kafin Ya Bi Ayarin Hajji

Duk wanda ya tashi cikin Hausawan Garwa, Marwa ko Injamena ya ji labarin wani kaka da ya tafi Makka da ƙafa. Daga ƙasar Hausa da Barno suke fitowa, su ratso Fot Lami, garin da aka mayar wa suna Injamena a 1973, su kama hanyar Abashe, su faɗa Darfur ta Junaina da Fashir, har su isa gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, su tsallaka Jidda cikin jirgin ruwa. Wani shekara uku, wani bakwai. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko dako, ya tara, ya ƙara gaba. Da yawa daga unguwannin Hausawa na Chadi da Sudan haka suka kafu.

Abin da nake so maniyyaci ya lura da shi shi ne, waɗancan mutane hanya ce ta yi musu tarbiyya. Kafin su ga Ka'aba, yunwa da jira da zama da baƙin fuska sun riga sun sassaƙe su. Mu kuwa, jirgi yana ɗaga mu daga filin Garwa, bai cika awa shida ba ya sauke mu a Jidda ko Madina, da zuciyar da muka baro kasuwa da ita, da saurin fushinmu, da son a girmama mu. Aikin da shekaru suka yi wa kakanninmu, dole mu yi shi da kanmu a gida cikin 'yan watanni. Ga yadda na ga ya fi dacewa a bi shi.

Mataki na farko: zauna da niyyarka, kai kaɗai

Da zarar ka biya kuɗin kujera, ware dare ɗaya bayan lisha, ba waya, ba baƙo. Tambayi kanka: in da za a ce in na dawo ba wanda zai kira ni Alhaji, ba walima, ba haƙorin Makka, ba wanda zai san na je, zan tafi? Kada ka ji kunyar amsar da ta fito. Kusan kowa yana da ɗan son suna a maƙale cikin niyyarsa, kuma ganinsa shi ne farkon wanke shi. Maimaita wannan zama duk daren Juma'a har ka tashi.

Amfanin wannan ba na lahira kaɗai ba ne. Ranar da aka bar ku awa bakwai cikin mota ba ta motsi, wanda ya zo don Allah yana da abin riƙewa. Wanda ya zo don a ce ya je, a nan yake fara lissafin miliyoyin sefar da ya biya.

Mataki na biyu: sauke kayan mutane

Zuciyar da ke ɗauke da bashi ba ta natsuwa a Arfa. Rubuta duk wanda kake bi da duk wanda ke bin ka, komai ƙanƙantarsa, har da kuɗin adashi da ajiyar da aka ba ka. Biya abin da za ka iya. Wanda ba za ka iya ba, je ka sami mai shi ka nemi izininsa. Rubuta wasiyya a gaban shaidu biyu. Mutanenmu suna ƙyamar wannan, kamar rubuta wasiyya kiran mutuwa ne, alhali wanda ya rubuta ya fi samun barci.

Sai neman gafara. Ba saƙon murya guda da ake watsawa a WhatsApp, "duk wanda na yi wa laifi ya yafe mini," nake nufi ba. Wannan bai kai ga mutum biyu ko ukun da ka san tsakaninku akwai abu na gaske ba: ƙanin da kuka saɓa kan gado, kishiyar da aka shekara ba a gaisa ba, abokin cinikin da ka danne wa hakki. Taka da ƙafarka ka je. In babba ne, durƙusa ka ce, "Baba, na zo neman gafara, na san abin da na yi." In ya ƙi yafewa, ka yi naka, ka sa shi cikin addu'a.

Daga nan ka damƙa gida da shago a hannun mutum ɗaya, ka bar masa kuɗin cefane na wata ɗaya da rabi, ka gaya wa iyali ƙarara cewa in ba rasuwa ko ciwo mai tsanani ba, kada a kai maka ƙara. Tsayar da lokacin waya, sau ɗaya a yini ya isa. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Na ga mutum cikin harami a Mina yana ta ihu a waya kan buhunan masara da ba a sauke ba a Pitowa. Jikinsa ne kawai ya yi tafiyar.

Mataki na uku: haddace taswirar kwanaki biyar

Rabin firgicin alhazai daga rashin sanin abin da ke gaba yake fitowa. Halarci bita, kada ka ƙetare ko ɗaya, amma kada ka tsaya nan. Ka iya faɗin tsarin da bakinka ba tare da duba takarda ba.

Ranar 8 ga Zulhajji ana fita Mina, a kwana a tanti. Ranar 9 a wuce Arfa, mai nisan kusan kilomita 20 daga Makka, a tsaya har rana ta faɗi. Daren nan a gangaro Muzdalifa, a haɗa magariba da lisha, a tsinci tsakuwa, a kwanta a fili. Ranar 10 a koma Mina a jefi babbar jamra, wato ginshiƙin jifan Shaiɗan, da tsakuwa 7, a yi hadaya, a yi aski, sannan ɗawafin ifada da sa'ayi. Ranar 11 da 12 a jefi jamra uku, tsakuwa 21 kowace rana, jimla 49 har da na ranar 10. Wanda ya tsaya har 13 ya cika 70.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga kwanciyar hankali shi ne ka rarrabe rukuni da wajibi da sunna. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, rukunai huɗu ne: harama, tsayuwar Arfa, ɗawafin ifada, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa. Su ne in an rasa ɗaya Hajji bai yi ba. Wajibi in ya kuɓuce, ana gyara shi da yanka. Sunna in ta wuce ka, Hajjinka na nan. Misali, a Malikiyya dole wani ɓangare na dare ya same ka cikin iyakar Arfa, don haka kada ka yarda wani mai gaggawa ya fitar da kai kafin faɗuwar rana. Amma a Muzdalifa, abin da ya wajaba shi ne sauka gwargwadon lokacin da matafiyi zai sauke kayansa, kwana har asuba sunna ce. Tsohuwar da ta san wannan ba za ta wuni tana kuka don jagora ya kwashe su tsakar dare ba. Annabi (SAW) da kansa ya yi wa Nana Sauda da masu rauni izinin barin Muzdalifa da dare. Kuma ranar layya, da sahabbai suka riƙa zuwa suna cewa sun gabatar da wani aiki kafin wani, amsarsa ita ce a yi, babu laifi.

Tambayi malamin ayarinku tun a gida wane nau'i za ku yi, ifradi (Hajji kaɗai) ko tamattu'i (Umra, a kwance harami, sannan Hajji) ko kirani (Hajji da Umra a harami ɗaya), kuma ina za ku ɗaura harami. In Madina kuka fara sauka, mikatinku, wato wurin ɗaura haraminku, Zul Hulaifa ne, wanda ake kira Abyar Ali. In Jidda kuka nufa kai tsaye da niyyar shiga Makka, maganar harama za ta taso tun kuna sama, to ka san matsayar da za ku bi kafin ka hau jirgi, kada gardamar ta same ku a kujera.

Mataki na huɗu: koya wa ƙafa tafiya, koya wa rai jira

Ko da an ce akwai motoci, ka ɗauka cewa za ka taka. Sa'ayi kaɗai ya kai kusan kilomita 3. Ɗawafi a bene na sama ya fi na ƙasa tsawo nesa ba kusa ba. Tantunan alhazan Afirka a Mina galibi suna nesa da wurin jifa, zuwa da dawowa kan cinye awanni. Wata biyu kafin tashi, fara tafiyar rabin awa bayan asuba, ka riƙa ƙarawa har ka iya awa biyu ba ka galabaita ba. Yi ta da takalmin da za ka tafi da shi, domin sabon silifa yakan fasa ƙafa ranar farko. Namiji ya gwada ɗaura zanen harami ya yi yawo da shi a tsakar gida, ya ga inda yake kwancewa da inda cinya ke gogewa.

Kana tafiyar nan kana talbiyya ko istigfari a hankali. So ake harshe ya saba da zikiri a lokacin da jiki ya gaji, don a can, in gajiya ta zo, abin da harshe ya saba shi zai fito.

Jira kuwa darasi ne mai zaman kansa. Za ka jira jirgi, wataƙila a ɗage tashinsa bayan ka yi sallama da kowa. Za ka jira a shige da fice, ka jira mota, ka jira abinci, ka bi layin banɗaki a Mina. Fara horo a nan: duk layin da ka shiga a banki ko asibiti, hana kanka ƙorafi, hana kanka neman wanda ka sani ya shigar da kai ta baya. Wanda ya saba a tashi a ba shi kujera, wannan horon ya fi zama dole a kansa.

Mataki na biyar: ayari

A nan ne mafi yawan lada ke zubewa, shi ya sa zan daɗe a kai. Ayar da ta tsara halin alhaji, ta 197 cikin Suratul Baƙara, abu uku ta hana: batsa, fasiƙanci, da jayayya. Na farko da na biyu kowa yana tsoronsu. Na ukun ne muke afkawa ciki ba mu ankara ba.

Za a haɗa ka ɗaki ɗaya da mutum uku ko huɗu da ba ka zaɓa ba. Wani yana minshari, wani yana son na'urar sanyaya ɗaki ta kwana a kunne, wani sanyin yana tayar masa da tari. A Mina katifarka za ta manne da ta maƙwabcinka. Ayarin da ya tashi daga arewacin Kamaru ba na Hausawa zalla ba ne: akwai Fulani, Barebari, Larabawan Shuwa, Kotoko, wani sai Fulatanci, wani sai Faransanci. In an yi sanarwa da harshen da ba ka ji, kada ka ɗauka raini ne, nemi wanda zai fassara maka. In kai ne mai harshe biyu, to aikinka ya samu, kuma 'yan'uwanmu na Chadi masu jin Larabci sukan zama rahama ga ayari gaba ɗaya a wurin 'yan sanda da asibiti.

Sai maganar da ba a cika faɗa a bita ba. Cikin tanti guda za ka tarar da ɗan Tijjaniyya mai wazifarsa, da ɗan Izala, da ɗan Ƙadiriyya, mai sadalu da mai ƙabalu. A Masallacin Harami za ka ga Musulmin Indunusiya, Turkiyya, Iran da Pakistan suna salla da siffofin da ba ka taɓa gani ba. Ƙudurta tun daga gida cewa ba ka je gyara kowa ba. In an tambaye ka, faɗi abin da ka sani a taƙaice. In aka ja, ce "Allah ne masani," ka ɗauki butarka ka fita. Gardamar da malamai suka shekara ɗaruruwa ba su rufe ba, ba kai za ka rufe ta a daren Mina ba.

Na taɓa zama tanti ɗaya da wasu dattawa biyu da suka shafe kwana biyu ba sa magana saboda wurin cajin waya. Da safen Arfa ɗayan ya tashi ya je ya dafa gwiwar ɗayan ya ce, "Yaya, ka yafe mini, Shaiɗan ne ya shiga tsakaninmu." Duka biyun suka fashe da kuka. Har yau ina tuna shi, domin ya gane cewa kwana biyu sun riga sun tafi, bai yarda na uku ya bi su ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Abin da za ka shirya shi ne saurin komawa, kada rana ta faɗi kana riƙe da wani.

Game da jagora: hadisi ya umarci mutum uku in sun fita tafiya su naɗa ɗaya shugaba. Jagoranku zai yi kuskure, zai faɗi lokaci a saɓa, wani abin ma ba daga gare shi ba ne, daga hukumomin can ne. Bi shi duk da haka. In akwai hakkinku da aka tauye a masauki ko abinci, ku wakilta mutum biyu masu sanyin baki su yi magana, ku rubuta abin da ya faru, ku kai wa hukumar alhazai bayan an sauko. Neman hakki daidai ne. Tara jama'a ana zage-zage cikin harami ne ba daidai ba.

Shawara ta ƙarshe a nan, kuma ita na fi ba muhimmanci: zaɓi mutum ɗaya cikin ayari wanda ya fi ka rauni, tsoho ko mai ciwon ƙafa ko wadda ba ta taɓa fita ƙauyensu ba, ka ɗauke shi amana. Riƙe masa jaka, tuna masa magani, tambaye shi, "Inna, kin sha ruwa?" Mai hidimar wani ba ya samun sararin ƙirga abin da aka yi masa.

Mataki na shida: dubi tsoronka ido da ido

Akwai abin tsoro, kuma ɓoye shi ba ya taimakon kowa. Ranar 24 ga Satumba 2015 turmutsitsi ya auku a Mina, Kamaru da Chadi da Nijar da Nijeriya duk sun rasa mutane a ciki. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce sama da mutum 1,300 sun rasu, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba, ba tanti, ba mota, suna tafiya cikin rana. Kada ka ce ai kai ɗan Garwa ne, ka san zafin Afrilu. A gida in rana ta take kana da inuwar darbejiya da randa. A can kwalta ce da dutse da jama'a, ga rashin barci.

Maganin wannan tsoro dokoki ne da za ka ɗaura wa kanka tun kana cikin hayyacinka. Ba zan fita jifa ba sai lokacin da aka tsara wa tantinmu. Ba zan juya in fuskanci jama'a masu tahowa ba. In takalmina ya faɗi cikin cunkoso, ya tafi ke nan. Lema da gorar ruwa ba za su bar hannuna ba, kuma zan sha tun ƙishi bai kama ni ba. Ba zan kutsa don sumbatar Hajarul Aswadi ba, nuni da hannu daga nesa ya wadatar. Ranar da Annabi (SAW) ya baro Arfa ya ji hayaniya da dukan raƙuma a bayansa, abin da ya ce wa mutane shi ne su riƙi natsuwa, domin alheri ba a gaggawa yake ba.

Ɓata kuma, ɗauka cewa za ta faru. Tantunan Mina farare ne, kamarsu ɗaya. Katin Nusuk, wato katin shaidar izinin Hajji da Saudiyya ke bayarwa, ya zauna a wuyanka kullum, da katin masauki, da lambar tanti, da lambar wayar jagora a rubuce a takarda, don waya takan mutu. Ku tsayar da wurin haɗuwa a Harami ta lambar ƙofa. In ka waiga ba ka ga naka ba, fita gefe, tsaya, sha ruwa, nuna katinka ga ma'aikaci. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likita tun da wuri, ya tafi da maganin da zai ishe shi har dawowa, ya gaya wa abokin ɗakinsa ciwonsa. Allurar sanƙarau da ta shawara a yi su da sauran lokaci, ba makon tashi ba.

Mataki na bakwai: kada ka tsara wa zuciyarka abin da za ta ji

Ka sha jin cewa da an hango Ka'aba sai hawaye. Wasu haka ne. Wasu kuwa su isa bayan kwana biyu ba barci, su duba, su ji shiru a ƙirjinsu, daga nan su shiga zargin kansu cewa Allah bai karɓe su ba. Kuka ba sharaɗi ba ne. Wani sai a sujadar wata asuba abin zai zo masa, wani sai ya dawo gida da wata guda. Kai dai yi aikin.

Mata su shirya wa zuwan al'ada. Nana A'isha ta same ta a hanyar Hajjin bankwana, Annabi (SAW) ya tarar tana kuka, ya gaya mata abu ne da Allah ya rubuta wa 'ya'yan Adamu mata, ta yi duk abin da alhaji ke yi ban da ɗawafi har ta yi tsarki. Arfa, Muzdalifa, jifa, duk suna nan. Wadda ke tunanin shan maganin jinkirtawa ta tuntuɓi likita da malami watanni kafin tafiya, ta kuma gaya wa jagorar mata kwanakinta don a tsara ɗawafinta kafin ranar jirgi.

A Madina ma, shiga Rauda, wurin da ke tsakanin kabarin Annabi (SAW) da mumbarinsa, yanzu sai da izini ta manhajar waya ta Nusuk, kuma mintuna kaɗan ake ba mutum. In bai samu ba, sallamarka ga Manzon Allah tana isa daga inda kake tsaye, kuma ziyarar ba ta cikin rukunan Hajji.

Mataki na takwas: littafin Arfa

Daga azahar zuwa faɗuwar rana awanni ne kamar shida, kuma su ne zuciyar tafiyar duka. Wanda bai shirya ba, cikin rubu'in awa addu'arsa ta ƙare, sai hira da hotuna da barci. Sayi ƙaramin littafi tun yanzu. Duk wanda ya zo sallama ya ce "a sa mu a addu'a," rubuta sunansa da buƙatarsa. Ware shafi na iyaye, na mamata, na 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, na malamanka, na wanda ya ƙi yafe maka, na zaman lafiyar garuruwanmu na bakin tafkin Chadi. Ware shafin da ba wanda zai gani sai kai, na abubuwan da kake son rabuwa da su. Rubuta da Hausa, da boko ko ajami, yadda za ka faɗa wa wanda ya san ka. Wanda bai iya rubutu ba ya sa jika ya rubuta masa, ya nemi mai karanta masa a tanti, ko ya ɗauki muryarsa a waya.

Jerin tsaraba kuwa, ka rubuta shi a wata takarda daban, ka yanke masa kuɗi, ka ninke ta ka sa a ƙasan akwati. Kada ka buɗe ta sai bayan jifan ƙarshe.